Wanke Sunan Mai Gyangyaɗi a Motar Gaya

Duk motar da ta tashi daga tashar Gaya bayan azahar ta nufi Kano, kafin ta hau gadar Wudil za ka ga kan wani fasinja yana sauka a hankali kan kafaɗar maƙwabcinsa. In aka zungure shi sai ya buɗe ido ya ce, "Ba barci nake ba, ina jin ku." An daɗe ana yi wa wannan bawan Allah dariya, ana kiransa maƙaryaci. Zalunci ne, kuma ya kamata a wanke shi.

Tun daga farkawar asuba wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwar mutum, shi ne nauyin da ake ji a fatar ido. Agogon jiki kuma yakan yi sanyi tsakanin azahar da la'asar, an ci abinci ko ba a ci ba. Furar da ya sha a tasha tana da hannu, amma ba ita kaɗai ba ce. Motar ma da nata laifin. A 2011 masu bincike a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun kwantar da manyan maza a kan gado mai lilo a hankali, suka tarar barci ya fi saurin ɗaukarsu fiye da a gadon da ke tsaye cak. Sharon mai mutum goma da buhun gero biyu a but, goyo ce, direba ne uwar da ke jijjigawa.

To, maganar "ina jin ku". Barci hawa-hawa ne. A hawan farko jijiyoyin wuya suna saki, ido yana lumshewa, amma kunne bai kulle ba. Likitocin barci da ke maƙala wa kai wayoyi suna duba aikin ƙwaƙwalwa sun sha tayar da mutane daga wannan hawa, da yawansu kuma suka rantse idonsu biyu, alhali na'ura ta nuna sun tafi. Abin da mutum zai gane ya yi barci da shi, shi ne abin da barcin ke fara ɗaukewa. Don haka mutumin motar Gaya gaskiyarsa ya faɗa. Ya ji ku. Abin da kuka ce ne bai riƙe ba, kuma bai taɓa cewa ya riƙe ba.

Ko barcin ya yi nisa, kunne yana tantance abin da ke shigowa. A 1960 Ian Oswald da abokan aikinsa a Ingila sun riƙa kunna wa masu barci jerin sunaye, suka ga ƙwaƙwalwa ta fi zabura idan an zo kan sunan mai ita. Shi ya sa fasinjan da ham ɗin tirela bai motsa shi ba zai miƙe zumbur da an ce "Kuɗin mota."

Malamanmu sun daɗe da sanin hawan barci. Duk wanda ya karanta Ishmawi a zaure ya san an kasa shi huɗu a babin alwala: mai nauyi, dogo ne ko gajere, yana warware ta, marar nauyi gajere ba ya warwarewa, marar nauyi mai tsawo an so a sake. Masu sharhi sun ba da ma'aunin nauyi: carbi ya faɗi daga hannu ko yawu ya dalalo ba tare da mutum ya sani ba. Wannan ma'auni adali ne, domin ya bar bakin mai barci ya koma ga shaidar da kowa ke gani. Maƙwabcin da kafaɗar rigarsa ta jiƙe yana da hujja. Wanda tasa ke bushe ya yi haƙuri.

Goro yana aiki, saboda sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana toshe inda adenosin ke kamawa, sai dai yana bukatar kusan rabin awa. Wanda ya ɓare shi a Wudil, sai wajen Mariri, daidai kasuwar goro, idonsa zai washe. A tashar Gaya ya kamata a tauna.

Mutum ɗaya ne a motar wannan uzuri bai shafa ba. Direba ma jiki ne da shi, kuma barcin daƙiƙa uku yana iya sace shi idonsa a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da mita 80 a daƙiƙa ukun nan, shi ma in an tambaye shi cewa zai yi yana gani. Saboda haka wanda ya zauna gidan gaba ba shi da haƙƙin gyangyaɗi. Aikinsa ne ya ja direba da hira, ya tambaye shi kuɗin shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'ar da ta wuce, in ya faɗa ya musa masa.