Wa Ya Kai Ganga Barazil?

Na san halinku, 'yan musu. Da an ce Barazil sai ku ce Pele, ku ce Ronaldo, karatu ya ƙare. In aka ƙara da cewa kiɗan samba jikan Afirka ne, sai a taɓe baki: "Haba Malam, komai kuka gani sai ku ce namu ne." To, ku gyara zama.

Cikin shekaru fiye da 300, jiragen bayi sun sauke 'yan Afirka sama da miliyan 4 a Barazil, kuma ƙasar ba ta soke bauta ba sai 1888, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka. Kuna zaton duk wannan taron a bakin teku suka baro hannayensu da kunnuwansu?

Ku leƙa Salvador, a jihar Bahia. A gidajen bautar Candomblé, inda har gobe ake kiran Shango da Ogun da Yarbanci, ganguna uku ake jerawa. Ƙananan biyu su riƙe amo, babbar ta riƙa zance da mai rawa, ga kuge mai baki biyu yana tsare lokaci. Wani kiɗan nasu ma Ijexá suke ce masa, wato Ijesha ta ƙasar Yarbawa. Sai berimbau na 'yan wasan capoeira (faɗa mai kama da rawa), wanda asalinsa Angola: baka ne mai tsirkiyar waya, an ɗaura masa duma. Makaɗi ya bugi wayar da ɗan tsinke, ya danna mata kwabo ko dutse, ya manna duman a cikinsa ya janye, amo ya sauya. Wane Bature ne ya koya musu wannan? A 1890 ma hukuma haramta capoeira ta yi.

Samba kuwa, a tsakar gidan Tia Ciata ta yi ƙiba, wata baƙar mata 'yar Bahia mai sayar da kayan zaƙi a Rio. Daga wannan dandali waƙar Pelo Telefone ta fito, aka yi mata rajista a 1916, zamanin da 'yan sanda ke fatattakar masu wannan kiɗa. Yau samba ce abin tinƙahon ƙasa.

Ga wani can ya fara murmushi: "Ashe kalangunmu ne!" Dakata, Alhaji, kada ka yi riga malam masallaci. Kiɗan nan kason Angola da Kongo da Yarbawa ya fi yawa. Hausawa sun je Bahia, amma sunan da suka bari na bore ne. An bankaɗo shirinsu a 1807, sannan a watan azumin 1835 wasunsu suka shiga tawayen Musulmi da ake kira Malê, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, aka tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Don tunawa da su aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê a 1979. Iyakar rabonmu ke nan, kuma ba abin rainawa ba ne.

Wanda har yanzu bai yarda ba, ya nemi bidiyon da Michael Jackson ya yi da makaɗan Olodum a unguwar Pelourinho ta Salvador a 1996, ya kalli fuskokinsu, ya saurari gangunan, ya dawo mu yi musun. Kuɗin data dai kowa ya ji da nasa.