Nasiha Ga Mai Son Zana Tambulan Da Fentin Ruwa

Ya kai mai karatu, ka sani cewa daga cikin fannonin da ɗan Adam ya ƙago domin ya jarraba haƙurinsa, irin su kiwon zabi da bin suruki bashi, ban ga wanda ya kai zana gilashi da fentin ruwa ba, domin kuwa aiki ne da ake neman mutum ya zauna tun hantsi har la'asar sakaliya yana kwatanta abin da aka ƙera shi musamman don kada ido ya tsaya a kansa. To, da yake wani ƙanena da ke koyarwa a wajen Safana ya aiko mini takarda yana neman shawara, na ga ya kyautu in amsa masa a bainar jama'a, ko Allah Ya sa wani ya tsira.

Da farko ka kwantar da hankalinka game da hukunci. Saɓanin malamai yana kan surar abu mai rai ne, tambulan kuwa ba ya numfashi, saboda haka ba ka da damuwa, sai fa idan ƙuda ya faɗa ciki, wanda a nan ya wajaba ka tsame shi kafin ka ci gaba, domin fita daga shubuha.

Wahala ta gaskiya ita ce samun gilashin kansa. Kowane gida yana da shi, amma yana cikin kabad ɗin uwargida, an jere shi tun ranar tarewa, ba a sha ruwa da shi ba, ba kuma za a sha ba har Mahadi ya bayyana. Idan ka ce za ka ara, za a tambaye ka wane baƙo ne zai zo. Idan ka ce zana shi za ka yi, za a aika a kira yayarka. Musamman ina gargaɗinka da irin mai sassaƙa da ƙyalli, wanda ake zuba darma cikin narkinsa, dabarar da George Ravenscroft ya fito da ita a Ingila wajen 1674, domin yana da fuska hamsin, kowace da nata ra'ayin. Ka fara da ƙaramin kofin shayin Buzaye, ko ƙwan fitila, ko tsohuwar kwalbar turaren Bint el Sudan, waɗanda in sun fashe ba za a kai magana gaban Yariman Katsina ba.

Shi kuwa fentin, kada kwalinsa ya ruɗe ka. Kamfanin Winsor & Newton mai yinsa an kafa shi a Landan tun 1832, amma abin da ke riƙe launin a kan takarda ƙaro ne, ƙaron nan dai na itacen dakwara da malamin zaure ke jefawa cikin tawadarsa don kada ta kankare daga allo. Wato kayanmu ne aka kai turai aka yi masa kaciya aka dawo mana da shi da tsada. Da a zamanin da ne, da na ce ka leƙa dajin Rugu ka ɗebo abinka, amma a halin da ake ciki, Allah Ya kawo mana sauƙi, ka saya a kasuwa. Ka nemi takarda mai kauri, mai giram 300, domin ta littafin makaranta tana jin ruwa take tankwarewa kamar ƙilishi.

Yanzu ga asirin fannin, ka buɗe kunnenka. Ba a zana gilashi. Abin da ake zanawa shi ne abin da ke bayansa, da yadda ya karkatar da shi, da ɗan duhun da ke bin gefunansa da gindinsa, da kuma hasken da ya ratsa ya faɗa tsakiyar inuwarsa. Ƙyallin nan kuwa da ke sa mai kallo ya ce wannan gilashi ne, farin takarda ne kawai da ka ƙyale ba ka taɓa ba. A fentin ruwa ana tafiya ne daga mai haske zuwa mai duhu, kuma farin da ka rufe ya tafi ke nan, ba ya karɓar tuba. Don haka wannan ilimi ya fi kusa da babin zuhudu, tun da ladan yana cikin abin da ka bari, kuma na ga mazaje waɗanda ke iya azumin Litinin da Alhamis amma ba su iya kame burushi daga wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Wanda ya san kansa da rauni, ya goga ɗan kyandir a wurin tun da wuri, ruwa zai kauce masa.

In ka cika tambulan da ruwa ka sa cokali, za ka ga ya karye, alhali lafiyarsa ƙalau. Ka zana shi a karye. Ibnul Haisam ya yi bayanin wannan karkatar haske a Kitabul Manazir, wanda ya wallafa a Alƙahira kimanin shekara 1,000 da ta wuce, kuma tun kafin shi ƙissa ta zo a cikin Suratun Namli cewa Sarauniya Bilkisu ta ɗauki daɓen ƙarau ruwa ne, to ina ga ni da kai? Ka ajiye wani abu a baya don a sami abin gani. Ni nakan sa rogon Batsari, saboda yana da arha, yana da haƙurin zama, kuma in zanen ya lalace an sami abin karin kumallo. Za ka tarar ruwan ya juya shi, kansa ya koma inda wutsiya take. Kada ka gyara masa, ba a aiko ka sulhu ba.

Saura yanayi. Littattafan Turawa suna cewa a shafa launi a jira ya sha iska, amma marubutansu ba su taɓa zama a Ruma ko Runka cikin hunturu ba, inda launi ke bushewa tsakanin kasko da takarda, buji kuma ya ƙara maka wani launi na kyauta wanda ba ka roƙa ba, har tambulan ɗin da ka fara da shi garau da hantsi ya koma kamar an sha kunu da shi kafin azahar. Ka rufe taga, ka yi sauri, ka bar dogon nazari sai damina.

Daga ƙarshe akwai 'yan kallo, waɗanda ba a gayyatarsu kuma ba a korarsu. Na taɓa shafe kwana 3 a kan tambulan guda, sai wani dattijo maƙwabcina ya shigo, ya daɗe yana duban takardar, sa'an nan ya ce, "Malam, rogon dai ya fito, Allah Ya yi albarka. Yaushe za a fara kofin?" Kafin in haɗa amsa ya miƙa hannu ya ɗauki tambulan ɗin, ya yi bisimilla ya shanye ruwan, ya tambaya ko rogon dafaffe ne.