Ranar da Na Karɓi Haihuwar Kaza

Jiya da la'asar na zama ungozoma, mai naƙudar kuma kazar uwargida ce, wata wake-wake mai tsiwa. Tun safe ta ƙi kiwo, ta rakuɓe a gindin randa, wutsiya a ƙasa, tana nishi tana yunƙuri, ba ƙwai ba alamarsa.

Na buga wa wani abokina likitan dabbobi waya, ya ce ƙwai ne ya maƙale. Ƙwai ɗaya kan ɗauki kusan awa 25 kafin ya haɗu, yawancin lokacin a ginin ɓawo yake tafiya, ɓawon kuma yana cin wajen giram 2 na sinadarin kalsiyam. Dusa da tsabar da muke watsa wa kaji ba su da shi sosai, kuma in ya yi ƙaranci har ƙarfin yunƙurin raguwa yake yi. In aka ƙyale ta, tana iya mutuwa cikin kwana 2. Ya ce in zaunar da ita a ruwan ɗumi minti 20, in shafa mai a mafitar, in bi a hankali kada ƙwan ya fashe a ciki.

Haka na tsuguna a tsakar gida, daga ni sai singileti da gajeren wando, kaza a baho, kwalbar man gyaɗa a gefe. Goggo maƙwabciyarmu ta hau turmi ta leƙo ta katanga.

"Ɗan nan, ba haka ake yi ba. Kamo zakaran ka tsayar da shi a kanta, ai shi ya jawo."

Na ce, "Goggo, kaza ko ba zakara tana yin ƙwai."

"To, bokonku ne ya faɗa. Ɗauko wuƙa da tukunya ka ajiye a gabanta. In ta ga inda za ta kwana, da kanta za ta sauke."

Ina cikin sauraron wannan fatawa, hannun hagu a ƙarƙashin fiffike, manunin dama ya sha mai ya shiga inda likita ya ce, sai na ji sallama. Surukina ne, uwargida na biye da shi riƙe da jakarsa. Farar babbar riga, rawani, carbi.

Tsuguno dai ina tsugune, ta nan ladabi ya cika. Na ce, "Sannu da zuwa, Baba." Sai ya miƙo mini hannu. Bawan Allahn nan tun ranar ɗaurin aure bai taɓa ba ni hannu ba, daga nesa yake amsa gaisuwata. Sai jiya.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin abin daki-daki. Hannunsa a miƙe. Nawa a wurin aiki. Na dubi hannunsa, ya dubi nawa, ya bi shi da ido har inda ya ƙare. In zare, kaza ta yi ƙara. In bari, dattijo yana jira. Na zare. Yatsan ya fito yana ƙyalli, muka tsaya mu biyu muna kallonsa kamar wani baƙo na uku. Dabara ta zo mini in miƙa masa tsintsiyar hannu, yadda mai cin tuwo yake yi. Garin haka na sassauta hagu.

Kaza ta buga fiffike, ruwan baho ya wanke gaban babbar riga. Ta dira a gabansa, ta yi wani yunƙuri guda, ƙwai ya faɗo dab da takalminsa, ko tsagewa bai yi ba. Ta wuce tana kyarkyara.

Goggo ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. "Barka, ɗan nan! Ban ce maka ba? Rawani ta gani ta ɗauka mai yanka ne ya iso!"

Uwargida ta shige ɗaki da gudu, ina jin dariyarta ta cikin labule. Baba ya janye hannunsa, ya kakkaɓe riga, ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya ce, "Allah ya raya."

Na ce, "Amin, Baba."

Masu kaji a gida, ku riƙa daka busasshen ɓawon ƙwai ko garin ƙashi kuna zuba musu a dusa. In kuma abin ya kai ga baho, ku fara sa wa ƙofa sakata.