Ɗan Kwalin da Ya Fi Gida Tsada

A watan Agustan 2022 wani bawan Allah ya biya dala miliyan 12.6 a kan ɗan kwali guda. Hoton Mickey Mantle ne a jiki, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Yankees, bugun kamfanin Topps na 1952. Bai cika tafin hannu ba. A zamaninsa tare da cingam ake sayar wa yara.

Yaran da suka san daɗin duniya sun maƙala nasu a wilin keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Sauran kuwa iyaye mata suka haɗa da shara. Allah ya saka wa waɗannan mata da alheri. Ba don tsintsiyarsu ba, da yau babu attajiri ko ɗaya a harkar.

Yanzu kati sai ya zauna jarrabawa. Malaman kamfanonin tantance kati, PSA da SGC, su ɗauko gilashin ƙara girma, su leƙa kusurwoyi, su auna ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10. Na Mantle ya ci 9.5. Kusurwa ta ɗan lanƙwashe? To, a yi wa mai shi jaje. Wanda ya ci kuma a kulle shi cikin roba, ko mai shi ba ya taɓawa.

Akwai kuma shahararren katin wani ɗan besbol, Honus Wagner, na cikin kwalin taba, wanda aka sayar dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a kotu cewa shi ya datse masa gefe don ya yi kyau.

Wanzamai, kun dai ji kuɗin aski a Amurka.