Bikin yana ɗaya gefen

Mai ɗaukar bidiyon biki kullum cikin neman wurin ajiya yake. Kyamarata idan na sa ta a 4K, a awa ɗaya sai ta cinye gigabait 45, ga shi bikin Kano ba a yini guda ake gama shi ba: kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya, buɗar kai. Kafin a watse daga bikin 'yar wani Alhaji kwamfutata ta cika maƙil, don haka na nufi kasuwa neman had-dis.

A shagon farko aka nuna mini mai terabait 2 da mai 4. Da na ji kuɗin sai na ce bari in zagayo, shi ma mai shagon ya san irin zagayen. Ina fitowa wani matashi ya tare ni, ya zaro wani ɗan mitsitsin abu daga aljihun gaba. Terabait 16, in ji shi, kuma kuɗinsa bai kai na mai terabait 1 ba. Ya ɗora mini a tafin hannu. "Oga, ji nauyi. Jabu ba ya nauyi." Na ji nauyi kuwa. Na biya har da godiya.

A gida na jona shi, kwamfuta ta nuna 16 cif, nan ya ƙara shiga raina. Duk had-dis ɗin da na taɓa saya sai ya yi mini ƙwange: a kwali terabait 1, a kwamfuta gigabait 931, saboda masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, ita kuma Windows da 1024. Yau ga wanda ya cika mudu. Na fara zuba masa tsofaffin tarkacen da ke kwamfutar, sannan na bi da bikin gaba ɗaya. Ya kwana yana kwafa. Da safe na ga fayiloli sun jeru reras, kowanne da sunansa da nauyinsa, sai na share kwamfutar, na share katunan kyamara, don akwai wani bikin ranar Asabar.

Alhaji ya ce kafin in tace, in kawo ɗanyen aikin iyali su gani, domin gwaggon amarya za ta koma Maraɗi. Bayan la'asar falo ya cika. Maza a kujeru, mata a kan kafet, yara sun tare gaban wata ƙatuwar talabijin mai inci 65. An kawo zoɓo da cincin. Ango ya zo gaisuwa, yana rakuɓe a gefe kai a sunkuye, yadda ake zama a gidan surukai.

Na buɗe Kamu. Baƙi. Na buɗe Ɗaurin Aure. Baƙi, da ɗan saƙo cewa ba za a iya kunna wannan fayil ba. Na buɗe Dina, wadda Hajiya, matar Alhaji, ta fi ɗoki saboda a nan ta canza kaya sau uku. Baƙi ƙirin.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "ko sai an ƙaro murya?"

Gumi ya fara bin bayana. Na ƙure murya don in faranta mata, na shiga danna duk fayil ɗin da hannuna ya kai. Can sai allo ya yi haske. Yara suka ɗauki ihu, "Ya kawo! Ya kawo!"

Ni ne na bayyana. Ni, a ɗakina, daren jajiberin biki, daga ni sai singileti, ina gwada sabuwar makirufo. Gwajin makirufo sai da magana, maganar da ta zo mini a daren kuwa ita ce yadda za mu kwashe da Alhaji ranar karɓar cikon kuɗi. Ga ni na karkace hula, na turo ciki gaba, na harɗe hannu a baya. Da yake 4K ne, har hujin da ke hammatar singiletin ana gani tar. Na buɗe baki da muryar Alhaji sak: "Haba ɗan samari, hoto ne fa kawai! Danna maɓalli ne fa! Mu a zamaninmu har kujera mai hoto ke ba ka, ya kuma gode maka!"

Alhaji yana da wata gyaran murya mai hawa biyu da yake yi kafin ya hana kuɗi. Duk gidan an san ta. To, ni na cikin talabijin na ɗaga haɓa na yi ta, ehem-ehem, da muryar da na ƙure wa Hajiya. A daidai wannan lokacin Alhaji na gaskiya, a kan kujerarsa, shi ma ya yi ta. Ehem-ehem. Tare suka fita, babu wadda ta riga wata.

Wani ɗan jika ya nuna allo da yatsa ya ce, "Kaka, ga ka nan!"

Ango ya cusa fuska cikin babbar riga, kafaɗunsa suna rawa. Gwaggo ta kwanta a jikin Hajiya tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa, "Wallahi shi ne, tun yana yaro haka yake." Ni kuwa linzamin kwamfuta ya ɓace mini, ina ta zagaya yatsa ban ga kibiyar ba, na cikin talabijin kuma ya fara lissafa kuɗi yana lasar yatsa yana mayar da rabi aljihu. Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Bar shi, malam. Muna kallo." Na fizge waya daga bayan talabijin. Har yau ko salla na tayar sai gyaran muryar nan ta dawo mini, ɗaya daga sifika, ɗaya daga kujera.

Mutum ɗaya ne abin bai dama ba, kawun amarya, tsohon ma'aikacin reluwe. Shi had-dis ɗin ne ya ɗauke masa hankali. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Yaro, juya shi. Bikin yana ɗaya gefen."

Na ce, "Kawu, wannan ba shi da gefe."

"Kowane kaset gefe biyu ne. Kai dai ba ka duba ba."

Ya ari biro ya shiga neman ramin da zai zura ya wana. Da bai samu ba ya hura iska a bakin wayar, ya goge da hannun riga, ya ce a sake gwadawa. Sannan ya yanke hukunci cewa sanyi ne ya kama shi, a shanya a rana yadda yake yi wa batiran rediyonsa. In hakan bai yi ba, ya kwana a buhun shinkafa, amma 'yar gida, ita ta fi jan danshi. A ƙarshe ya kara shi a kunne, ya yi shiru, ya girgiza kai: "Ba ya numfashi." Wannan kam ya faɗi gaskiya, don had-dis mai faifai na aljihu yakan yi juyi sau 5,400 a minti, ana jin ɗan gurnaninsa a hannu.

Washegari Kawu ya ce ƙafarsa ƙafata zuwa wurin mai gyara. Mai gyara ya sa sukundireba ya ɓalle murfin. A ciki akwai ɗan memori mai gigabait 64, da wani guntun allon lantarki, da noti biyu manne da gam. Nauyin da na biya ke nan. Ya ce an shirya allon ne ya riƙa gaya wa kwamfuta 16; abin da ya fara shiga ya samu wuri, sauran kuwa sunansu kawai aka rubuta. Ya ce kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera had-dis mai faifai, Seagate da Western Digital da Toshiba, kuma na aljihu a cikinsu bai wuce terabait 5 ko 6 ba, wanda ya fi haka ƙato ne mai wayar wutarsa daban. Sabon kaya a fara sa masa manhajar H2testw, ta cika shi ta karanto, a ga gaskiyar cikinsa. Kuma ba a share asali sai aiki yana wuri biyu, zai fi kyau uku, ɗaya a wani gidan.

Kawu bai saurari ko ɗaya ba. Notinan yake ɓamɓarewa da farce. Ya ɗaga ɗaya a haske ya ce masu kyau ne, za su yi wa kekensa, ya zuba a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce duk da haka a gwada shinkafar.

Matashin nan na koma ban same shi ba, maƙwabtan wurin kuma sun ce ba su taɓa ganin mai kama da shi ba. Cikon kuɗi ban nema ba. Ashe wata yarinya ta ɗauki talabijin ɗin da waya, yanzu bidiyon singiletin yana Kano, yana Maraɗi, an ce ya kai Jidda. Shi kaɗai ne aikina da ya samu ajiya irin wadda mai gyara ya ce.

Don Allah duk wanda ya halarci dinar nan ya ɗauki wani abu da wayarsa, ya turo mini. Ko a tsaye aka ɗauka, ko kan wani ya tare rabi, ina so.