Tikitin Fita da Kujera Mai Zafi

Mai son ganin jarumtakar malamin makaranta ya leƙa zauren horarwa ranar da aka tara malaman Tambuwal da na Kebbe, aka raba musu kundin Turanci kan dabarun maimaita darasi. Mai horarwa zai karanto jimla, ya ɗago kai ya ce, "Kun gane?" Zaure ya ɗauka gaba ɗaya: "Yes sa!" Har wanda ya iso yanzu daga Dogon Daji, ƙurar hanya ba ta bar gemunsa ba, shi ma ya gane.

Da wannan amsa muka gama firamare, da ita wasunmu suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari riƙe da takardar NCE, ita kuma muke karɓa daga bakin yara kowace safiya. A wurinmu mutum ya ce bai iya lissafi ba, a yi dariya a wuce. Ya ce bai ji Turancin da aka yi ba, to ya zubar da girman gidansu.

Kalmomin kundin ba su da wuya. Kowace ɗaya malam ya san ta tun yana aji uku. Haɗuwarsu ce masifa. Aka zo kan "eksit tiket", tikitin fita ke nan. Wani dattijon malami ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi, "Malam, wanga tikiti, wa ka biyan kuɗinai?" Ashe 'yar takarda ce da yaro zai rubuta abin da ya koya, ya miƙa wa malami a bakin ƙofa kafin ya fita. Dabara ce mai kyau a Amurka, inda aji ke da ƙofa ɗaya da takarda jibge. Ajinmu kuwa tagoginsa ba marufi, ana kaɗa ƙararrawa rabin yara sun dira ta can. Sai dai a ajiye malami a kowace taga.

Daga nan sai kujera mai zafi: a zaunar da yaro gaban aji, 'yan'uwansa su yi ta jefa masa tambayoyi. A ƙasar Sakkwato, cikin bazara, ƙarƙashin rufin kwano, a nuna mini kujera mai sanyi. Can gaba an ce a sa yara su yi "biren dom", wato su juye ƙwaƙwalwa. Malamai suka rubuta, ba wanda ya tambayi a wane juji. Ko da ma an tambaya, akwai farar takarda manne a bango mai suna tashar ajiye motoci, inda ake faka duk tambayar da ta gagari mai horarwa. Ban taɓa ganin motar da ta fito daga tashar nan ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne babban sirrin kundin, wanda aka naɗe cikin Turanci mai ƙashi: wai bincike ya nuna idan yaro ya rufe littafi ya jawo karatu da ka, sannan ya sake jawo shi bayan 'yan kwanaki, ya fi zama. Gaskiya ne, Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya auna saurin mantuwa tun 1885. Amma Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta riga ta zuba darussa cikin waƙe don 'Yan Taru su haddace su riƙa maimaitawa a ƙauyuka. Alaramman da ke bayan zauren, wanda ba a gayyata ba, da asuba ya gama sauraron tishi da tilawar almajiransa, ba a ba shi kuɗin mota ko lemon kwalba ba. Da mai horarwa ya ce "tishi", da an tashi kafin azahar. To amma wa zai biya alawus na yini uku a kan tishi?

Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ta soke. Malam dai ya ce "Yes sa" duka biyun.

An rufe taro da hoto, kowa ya sa hannu ya karɓi ambulan, aka umarci kowane malami ya koma ya horar da abokan aikinsa. Rahoton da ya fito daga wata makaranta can wajen Kuchi ya ce an aiwatar da dukkan dabarun cikin nasara, tikiti kawai ake jira daga ofishin ilimi, kujera mai zafi kuwa an ɗage ta sai hunturu ya wuce.