Wasiƙa Zuwa Ga Malam RAID, Mai Gadin Faya-fayai a Agadas

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da tambayar ƙura, da fatan na'urar sanyaya ɗakinka ba ta yi yaji ba, magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Lokaci kake sayarwa, mutanen biro kuwa suna zaton aminci suka saya, kai kuma ka ja bakinka ka bar su a duhu. Tun da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na jami'ar Berkeley a Amurka suka fito da sunanka a takardarsu ta 1988, alkawarinka bai wuce wannan ba: a haɗa faya-fayan ajiya da yawa su zama kamar ɗaya, in guda ya mutu aiki ya ci gaba. Mutumin Agadas ya san irin wannan dabara tun ba a haifi kakan kwamfuta ba. Madugun da ya ɗauko gishiri daga Bilma, in raƙumi ya durƙushe masa a tsakiyar Tenere, sai ya raba kantunsa a kan sauran. Sai dai ba madugun da zai shimfiɗa tabarma a wurin ya ce ayari ya tsira. Ya san damar isa rijiya kawai ya samu, kuma kowane raƙumi yanzu yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ban raina fasaharka ba. In ka sa rigar RAID 1, abin da ka rubuta a wannan faifai shi za ka rubuta a wancan, kamar tagwaye. In ka sa ta RAID 5, wayonka ya fi haka: kamar a ce raƙumi ɗaya na ɗauke da kantu 5, wani 7, sai ka rubuta 12 ka adana a wuri na uku, duk wanda ya ɓace, a cire na ɗan'uwansa daga jimilla, lissafi ya fito. Da wannan kake jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuwa ya jure biyu. Shi ƙanenku RAID 0 sunan gida kawai ya ci, don gudu ya iya, ajiyar komai babu. Ku yi masa faɗa a cikin dangi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka zura maka sabon faifai. Kafin ka cika shi, dole ka karance sauran tun daga farko har ƙarshe. Faifai mai terabait 8, ko da ana rubuta masa megabait 200 kowace daƙiƙa ba tsayawa, sai ya ci sa'o'i 11, in kuwa ma'aikata na ta buɗe takardu a lokacin, abin ya kai kwanaki. A tsawon wannan lokaci tsofaffin ne ke shan wuya, kuma yawanci rana ɗaya aka sayo su, kwali ɗaya, suka sha zafi ɗaya. Sa'o'in juna ne, tare suke tsufa. A 2019 kamfanin HPE ya gargaɗi masu amfani da wasu faya-fayansa na SSD cewa kuskuren manhaja zai kashe su da zarar sun cika sa'o'i 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8. Waɗanda aka kunna tare, tare za su tafi. Ina amfanin lissafin 5 da 7 in duka raƙuman sun kwanta a rana guda?

Na san me za ka ce: ai ka kunna jar fitila, har ƙara ka yi. Gaskiya ne, amma a ɗaki kake a kulle, mai mabuɗin kuma ya tafi Ingal bikin shan gishirin dabbobi. Fitilar da ba mai gani, da ita da babu duk ɗaya. Kuma ba kullum ake samun gargaɗin ba. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a ma'aunin lafiyarsu na SMART ba. Za ka iya kafa hujja da binciken nan ka ce zafi bai yi ɓarnar da ake zato ba. To, amma nasu faya-fayan a zaure mai sanyi suke, ba su san watan Mayu na Agadas ba, lokacin da ma'auni ke haura 40, balle ƙurar hunturu da ke toshe fanka, balle ɗaukewar wuta kana tsakiyar rubutu. Mai riƙe da kuɗin biro shi ma yana da tasa: don me za a sayi faifai a jingine shi yana zaman banza? Amsarsa tana kan hanya. Yamai ta haura kilomita 900 daga nan, kuma kafin a sa hannu a takarda, a samo faifan da ya dace, mota ta iso, kana tafiya da ƙafa ɗaya. A nan faifan ko-ta-kwana, wanda ke cikinka yana jira ya karɓi aiki nan take, shi ne mafi arha a cikin kayanka.

Saura babban laifin, wanda kunya ta hana ka faɗa. Kai ba ma'ajiya ta biyu ba ne. In ma'aikaci ya goge kundin albashi bisa kuskure, cikin biyayya kake goge shi a kowane faifai lokaci guda. In manhajar 'yan damfara ta kulle takardu, kulle su kake yi sau biyu. Faya-fayanka takwas ne, amma akwatinka ɗaya, ɗakinka ɗaya, wayar wutarka ɗaya. Bishiyar Tenere ita kaɗai ce a tsakiyar sahara, fili ta kowane gefe, duk da haka a 1973 mota ta same ta ta kayar. Gawarta na gidan tarihi a Yamai. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka wayi gari hannu rabbana.

Don haka ina roƙonka, albarkacin zaman tare, ka daina karɓar yabon da ba naka ba. Ka sa a haɗa ƙararka da wayar mutum biyu, ba ɗaya ba. Ka bari a riƙa karance faya-fayanka duk wata don a gano ruɓaɓɓen wuri tun da sauran dama. In fitila ta yi ja, a duba lambar faifai sau biyu kafin a zare, don an sha zare mai lafiya a bar gawa. Kwafin bayanai kuwa a kai shi wani gini, a kuma gwada maido da shi, ko da sau ɗaya kafin damina.

Ka huta lafiya, amma kada ka yi barci.

Naka,
Wani maƙwabcin ɗakin saba, Agadas